A makaranta "aboki", a Katsina "Bayarabe": 'ya'yanmu na Legas 'yan ina ne?

Maman Walida (Agege):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, na ga gara in kawo ta nan inda akwai iyaye da malamai da waɗanda suka tashi a garin nan. Babban yarona shekararsa 15, a nan Agege aka yanke masa cibiya. Kwanan nan na lura abokansa ba sa kiransa da sunan da aka raɗa masa, wani suna daban ya ba su. In babansa zai je makarantarsu sai ya yi ta roƙo kada ya sa babbar riga da hula. Na yi masa magana da Hausa a cikin danfo, motar haya ta Legas, ya amsa mini da Turanci yana waige-waige. Da muka je Katsina Babbar Sallah kuma, 'ya'yan yayana suka sa shi a gaba, wai Bayarabe ya zo, Hausarsa a karye take. Bai sake buɗe baki a gidan ba har muka dawo. Da na matsa masa sai ya ce, "Umma, a makaranta ni aboki ne, a Katsina ni Bayarabe ne, to ni ɗan ina ne?" Aboki shi ne sunan da ake kiran duk ɗan Arewa da shi a nan Legas. Wallahi na rasa abin da zan ce masa. Ku ma kuna ganin haka a gidajenku? Laifin namu ne ko na gari?

Alhaji Garba Mai Goro:
Wa'alaikumus salam. 'Yata, laifin namu ne, kada mu ɗora wa gari. Ba yau muka zo Ikko ba. Rundunar da Bature Glover ya kafa a nan a 1863, wadda sojan Najeriya ke cewa daga ita ya samo tushe, da sunan Hausawa aka san ta, tun ba a haɗe ƙasar ba a 1914. Da jirgin ƙasa ya haɗa nan da Kano, kakanninmu suka zauna Agege suna sayen goro suna lodi zuwa Arewa. Ni ma nan na girma. Muna jin Yarbanci kamar masu shi, amma ba wanda ya taɓa jin kunyar hularsa, domin a gida Hausa ake yi, da asuba makarantar allo, da dare tatsuniya a ɗakin kaka. Yanzu uwa da uba su ke fara yi wa jinjiri Turanci. Shawarata ki tura shi Katsina ya yi shekara biyu ko uku wurin dangin babansa. Zai dawo ya san kansa.

Ɗan Idi-Araba:
Baba Alhaji, Allah ya ja kwana. Ku yi mini afuwa zan sa baki, domin abin da yaron Anti yake ji na ji shi a nawa lokacin. Maganar tura yaro gida da kuka ambata, a wurinmu ita ce tushen matsalar. Tun muna ƙanana, duk wanda ya yi laifi abin da ake ce masa shi ne, "Ka sake, wallahi sai na mayar da kai gida." Ka ƙi zuwa Islamiyya, gida. An gan ka da 'yan iskan unguwa, gida. Yarinya ta tsaya da saurayi a lungu, gida. To yaron da ya tashi yana jin Arewa ce inda ake kai masu laifi, ta yaya zai yi alfahari da ita? Sunan garinmu a bakin mai fushi muka san shi. Ba a taɓa zaunar da mu an ce ga kakanku, ga sana'arsa, ga dalilin da ya sa babanku ya baro gari ya taho ba.

Ɓoye kan ma ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Lokacin rikicin Hausawa da Yarbawa a Idi-Araba na Fabrairun 2002 ina ƙarami, amma na tuna yadda muka bar gida cikin dare. Bayan ƙura ta lafa, mahaifiyata da kanta ta ce in za mu fita kada mu yi Hausa a hanya, ta cire mana huluna. Don ta tsare ranmu ta yi, ban ga laifinta ba ko kaɗan. Sai dai yaro ba ya rarrabe tsoro da kunya. Abin da ya zauna a kaina shi ne akwai wani abu a tare da ni da ya kamata a ɓoye. Waɗanda suka ga na Ketu a 1999 da na Mile 12 a 2016 za su ba ku irin wannan labarin.

Malam Nura:
Ɗan'uwa, ka taɓo inda ke ciwo. Ni malamin sakandare ne a ɓangaren Mushin, ina kuma cikin masu ba ɗalibai shawara, bari in kawo abin da muka karanta da abin da nake gani a aji.

Masanin halayyar ɗan'adam Erik Erikson ya kasa rayuwa matakai takwas, ya ce babban aikin da ke gaban yaro a shekarun tashen balaga shi ne ya gano shi wane ne. In bai samu amsa ba sai ya rikice, yau ya zama wannan, gobe wancan. Saboda haka, Maman Walida, tambayar da ya yi miki ba alamar lalacewa ba ce, lokacinta ne ya yi. Tun kafin shi, a 1902, Charles Cooley ya rubuta cewa mutum yana ganin kansa ne a idon mutane kamar mai duba madubi. Yana ƙiyasta yadda suke kallonsa da hukuncin da suka yanke masa, daga nan ya ji girma ko ya ji ƙasƙanci.

To me yaronmu yake gani a idon Legas? Mai gadi, mai ruwa, mai gyaran takalmi, mai yankan farce, ɗan acaba. Duk sana'o'i ne na halal, ni kaina da kuɗin tsire aka biya mini makaranta, kuma ina alfahari da haka. Amma in kullum da fuska ɗaya ake nuna mutanenka, ana yi ana dariya, ɗan shekara 14 ba shi da ƙarfin ture wannan shi kaɗai. Da gwamnatin jiha ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, da kuma Yunin 2022, da kunnena na ji yara suna ce wa 'yan Arewan ajinsu yaushe za ku tattara ku koma. Yaran da iyayensu ba su taɓa yin acaba ba. Ga kuma gorin maki. Kowa ya san makin shiga sakandaren gwamnatin tarayya ya bambanta daga jiha zuwa jiha, sai yaro ya zo na ɗaya da guminsa, a ce masa ai ku ba a neman komai a wurinku.

Wata mai bincike, Jean Phinney, ta yi nazarin matasa 'yan tsirarun ƙabilu a Amurka, ta ga suna bi ta hawa uku. Da farko yaro bai damu da asalinsa ba, ko ya haɗiye abin da ake faɗa a kansa. Sai wani abu ya girgiza shi ya shiga tambaya da bincike. A ƙarshe ya tsaya a kan abin da ya gamsu da shi da kansa. Ta kuma ga waɗanda suka kai hawa na uku sun fi ganin ƙimar kansu. Yaronki ya shiga hawa na biyu. Abin da yake buƙata shi ne wanda zai zauna da shi ya amsa masa ba tare da tsawa ba.

Alhaji Garba Mai Goro:
Malam, ban raina karatunku ba, amma mutanen nan ba su san Agege ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni ban ce a tura yaro don horo ba, don zumunci na ce. Wanda bai taɓa kwana a ɗakin kakarsa ba, bai je gona da damina ba, bai ga hawan Sallah ba, da me zai riƙe?

Ɗan Idi-Araba:
Gaskiya ne Baba, ziyara tana da amfani. Amma kafin a kai shi, a fara ja wa 'yan gidan can kunne. Yaro ya yi tafiyar kwana da yini don ya ga danginsa, da ya buɗe baki a fashe da dariya. Wanda aka yi wa dariya a kan harshe ba ya sake gwadawa.

Ummi:
Salam. Tun ɗazu nake karantawa, duk maganar ɗa namiji ake yi. Iyayena ku ba ni dama.

Ni ɗalibar jami'a ce, a Obalende na tashi. Yayana zai iya cire hula ya shiga Oshodi ba mai sanin daga ina ya fito. Ya koyi Yarbanci a filin ƙwallo, ya koyi gari, daga Ikorodu zuwa Badagiri ba inda bai sani ba. Ni kuwa da hijabina da lallena da sunana, tun daga nesa an gama sanina. A gida kuma ni aka ɗora wa mutuncin zuri'a gaba ɗaya. In shi ya yi Turanci a tsakar gida a ce ya waye, in ni na yi a ce Legas ta lalata ta. Shi ana tambayarsa me zai zama, ni ana tambayata wa ya fito. Tun ina aji uku gwaggonnina ke bugo waya daga Zariya, kada a bar ni in daɗe a Kudu, wai 'yar Legas ba ta auruwa a gida, idonta ya buɗe da yawa. A makaranta kuma wata malama ta ce mini a gaban aji, don me nake wahalar da kaina da lissafi tunda kwanan nan za a aurar da ni. Gwaggonnina da malamar nan ba su san juna ba, ba su yarda da juna a komai ba, amma bakinsu ya zo ɗaya cewa ba inda zan je. Na daɗe ina kallon kaina haka.

Wanda ya tsamo ni babana ne. Bai yi boko ba, amma duk ƙarshen zango sai ya sa na karanta masa sakamakona layi-layi, sannan ya naɗe takardar ya kai shago ya nuna wa abokansa.

Hajiya Binta (Alaba Rago):
Ummi 'yata, Allah ya yi miki albarka, ya saka wa babanki da alheri. Amma kada ki ɗauki tsaron da ake yi wa 'ya mace a matsayin ƙiyayya. Garin nan ba Zariya ba ne. A gida maƙwabci ma mai tsawatarwa ne, nan kuwa kowa ta kansa yake yi. Namiji in ya kauce ya dawo a karɓe shi, mace in sunanta ya ɓaci har ƙannenta sai ya shafa. Ba mu muka tsara haka ba, haka muka tarar.

Ummi:
Mama, ban ce kada a tsare ni ba. Cewa na yi a tsare yayana ma, ni kuma a yarda ina da kai, ba suna kaɗai ba.

Ɗan Idi-Araba:
Ƙanwata ta yi gaskiya, kuma 'yancin da take gani a wurinmu rabinsa sakaci ne. Da yaro ya kai 13 sai a ɗauka ya zama namiji, ya je ya nemo na kansa. Ba mai tambayarsa ina ya kwana, me ke damunsa. In ya yi kuka a ce mace ce. Cikin waɗanda muka tashi tare, waɗanda suka faɗa shan tiramadol da maganin tari mai kodin, kafin gwamnati ta haramta shi a 2018 da ma bayan nan, yawancinsu ba mugayen yara ba ne. A majalisar 'yan shaye-shaye ne kaɗai aka taɓa tambayarsu ya kake da gaske.

Barista Aminu:
Hijabin da Ummi ta ambata yana da tarihi a kotu, ya kamata iyaye su sani. Gwamnatin Legas ta hana ɗalibai mata sa hijabi a kan kayan makaranta a makarantunta. Aka kai ƙara, Babbar Kotun jiha ta goyi bayan gwamnati a Oktoban 2014. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a Yulin 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗaliban 'yancinsu a Yunin 2022. Waɗanda suka tsaya a kan shari'ar nan 'yan'uwanmu Musulmi Yarbawa ne tare da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN. Ku gaya wa yaranmu wannan, don su san ba kowa ne ke musu kallon baƙi ba. Amma ku lissafa, yarinyar da ta shiga aji ɗaya a 2014 ta gama sakandare kafin hukuncin ƙarshe ya fito. Duk shekarun da take gina tunaninta game da kanta, manya suna jayayya a kan ko shigarta ta halatta.

Sai maganar takarda, wadda a ganina ta fi tsokanar 'yan aji nauyi. Fom ɗin JAMB, na bautar ƙasa, na neman aikin gwamnati, duk suna tambayar jihar asali da ƙaramar hukuma. Yaron da a Agege aka haifi kakansa, ranar da zai cike babban fom na farko a rayuwarsa yana ɗan shekara 16 ko 17, a ranar ake sanar da shi a rubuce cewa shi ba ɗan nan ba ne. Ya tafi Arewa neman takardar shaidar asali, can kuma a ce ya kawo mai unguwar da ya san babansa. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko wurin asali. Amma sashe na 318 ya ce mutum ɗan jiha ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Haihuwa da zama da biyan haraji ba sa cikin wannan ma'anar.

Ɗan Iya (Mile 12):
Barista, to ni fa? Babana Bakano ne, mahaifiyata 'yar Isale Eko.

Barista Aminu:
A nassin doka kana iya jingina da kowanne, domin cewa aka yi ɗaya daga cikin iyaye. A aikace yawancin ofisoshi wajen uba suke bi.

Ɗan Iya (Mile 12):
Na gode. To bari in faɗi nawa, kuma a yi haƙuri domin ba zai yi wa wasu daɗi ba. Muna ta lissafa abin da ake yi mana, ba mu faɗi abin da muke yi ba. Dangin mahaifiyata suna kirana ɗan Hausa, wani lokaci da wasa, wani lokaci da gori. Wannan bai taɓa hana ni barci ba. Abin da ya fi yi mini ciwo ina yaro shi ne in zauna cikin dangin babana ana zagin Yarbawa, wai ƙazamai ne, wai matansu ba kunya, mahaifiyata tana tsugune a gefe tana tuƙa musu tuwo. In na yi rashin ji a ce nonon Bayaraba ne. In na yi abin kirki a ce jinin babansa ne. Yaro yana jin haka ya san an ce rabinsa ba shi da kyau. Har na kai shekara 17 ba na yarda ta yi mini Yarbanci a gaban abokaina Hausawa, abin da yaron Anti yake yi ke nan, sai dai ni ta ɗaya ɓangaren.

Kasuwa ce ta daidaita ni. In motar tumatir da albasa ta sauka daga Arewa, mai kaya ba ya jin Yarbanci, mai saye ba ta jin Hausa, ni ke tsayawa a tsakani, kuma kowanne ya amince da ni. A nan na fara ganin abin da ake yi mini gori da shi yana ciyar da ni, yana kuma kashe faɗa. Yanzu in an tambaye ni, cewa nake ni Bahaushen Legas ne, uwata Bayaraba, ba na rage ko ɗaya.

Hajiya Binta (Alaba Rago):
Wannan gaskiya ce ɗana, kuma mu mata mu ne kan gaba a irin maganar. Allah ya ba mahaifiyarka ladan haƙurinta.

Anti Rifkatu (Ojo):
Sannunku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Kudancin Kaduna, Kirista. 'Ya'yana da Hausa suka tashi, da ita muke addu'a a gida. A makaranta su ma aboki ake ce musu, domin a Legas duk wanda ya fito daga can, Babarbare ne, Banufe ne, Buzu ne, Bazabarme ne, suna ɗaya ake ba shi. A coci ana mamakin wai akwai Kirista mai jin Hausa. In kuma suka je sayen kaya wurin 'yan Arewa suka yi Hausa, a yi ta fara'a, da an ji sunansu fuska ta canza. Ɗiyata ta taɓa tambayata ko Hausar da muke yi ta aro ce.

Amma abin da ya sa na shigo shi ne launin fata, domin ina ganinsa a wurin aiki. 'Yan mata 'yan shekara 14 da 15 suna zuwa da fata ta yi siriri, jijiyoyi sun fito kore, gwiwa da gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin, duk saboda man bilicin. Wasu mayukan akwai sinadarin makuri a ciki mai lalata ƙoda, wasu kuma magunguna ne masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, suna sa ciwo ya ƙi warkewa. NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. In ka tambayi yarinyar wa ya ce mata ba ta da kyau, da wuya ta ce saurayi ne. A gida ta fara ji. 'Yar'uwarta fara ana ce mata Balarabiya, ita ana ce mata baƙar gida. A wurin biki ana yi wa amarya kirarin farar mace alkyabbar mata tana zaune tana saurare. Na ga uwar da ita ce ta haɗa wa 'yarta man da hannunta.

Malam Nura:
Anti, Allah ya saka. A shekarun 1940 wasu masana biyu baƙaƙen fata a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun nuna wa ƙananan yara baƙaƙe 'yartsana fara da baƙa, suka tambaye su wacce ce mai kyau. Da yawa suka zaɓi farar. Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikinsu a hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata. Tarihinsu daban, namu daban, a nan ba wata doka da ta ware baƙi. Abin da ya sa na kawo shi, yaran nan ba su wuce shekara uku zuwa bakwai ba. Ke nan kafin tashen balaga an riga an gama shuka abin, a lokacin balagar tsirowa kawai yake yi. Yanzu kuma ga TikTok da Instagram da ke goge fuska su haska ta, yarinya ta kwatanta kanta da hoton da mai shi ma ba haka take ba.

Sale Oko-Oba:
Jama'a ni ba mai dogon rubutu ba ne. Ni mahauci ne, ubana mahauci, kakana mahauci. A Legas ba wanda ya taɓa raina ni don ina fawa, Bayarabe in ya ga kana da sana'a ya gama da kai. Ɗana ya yi digiri. Ya nemi auren wata yarinya 'yar garinmu, ubanta ya aika gida a yi bincike, aka dawo aka ce gidan mahauta ne. Shi ke nan aka watse. Ƙaninsa mai shekara 16 ya ga abin da aka yi, tun daga lokacin in an tambaye shi aikin babansa sai ya ce ɗan kasuwa ne. Ya daina zuwa mayanka taya ni. Wannan ba Legas ce ta yi masa ba, mu ne muka ɗauko abinmu daga gida muka kawo nan. Haka ake yi wa 'ya'yan wanzamai da maƙera da makaɗa. Baba Alhaji, ku da kuke manya, a wace aya aka ce mai yanka naman da kowa ke ci ba shi da asali?

Alhaji Garba Mai Goro:
Sale, babu wannan ayar. Mafi girma a wurin Allah shi ne mafi tsoronsa, haka Alƙur'ani ya ce a Suratul Hujurat. Al'ada ce, kuma mummuna. Ka kawo mini yaron nan shago in yi magana da shi.

Ɗan Idi-Araba:
Maganar Kawu Sale ta tuna mini da wani abu. Ɗan mai canjin kuɗi da ke zaune a Ikoyi ko Lekki, wani ma ko gaisuwa bai iya da Hausa ba, amma ba ya jin kunyar komai. Ranar Juma'a zai sa shadda da hular zanna ya ɗauki hoto, abokansa su yi ta yabawa. Hular nan dai ita ce a kan mai shayi. Don haka wani lokaci abin da yaro ke gudu ba Hausancin ba ne, talaucin da aka liƙa wa Hausancin ne. Anti Maman Walida, ki bincika ko kunyar rigar babansa yake ji ko kunyar abin da 'yan aji suka ce mai irin rigar yana yi.

Maman Walida (Agege):
Na tambaye shi jiya da dare. Ya ce wani yaro ne ya ga babansa a bakin makaranta ya ce mai gadinku ya zo ɗaukarka, aji duka suka yi dariya. Tun yana aji biyu abin ya faru, sai jiya na ji.

Hajiya Binta (Alaba Rago):
Innalillahi. Ga kuma Yarbancin da aka tilasta musu a makaranta, ga Turanci, Hausar ina za ta samu wuri?

Malam Nura:
Hajiya, dokar jiha ce ta 2018 ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantun Legas, kuma ni ban ga aibinta ba. Mutane ne suka ga harshensu yana neman suɓucewa daga bakin 'ya'yansu suka tashi tsaye. Yaronmu mai jin Yarbanci ya ƙaru, bai ragu ba, ga Ɗan Iya shaida. Hausa ma darasi ce da ake rubutawa a WAEC da NECO, abin da nake gani shi ne ƙarancin masu koyar da ita a nan. Muna da Islamiyyu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da Obalende. Me zai hana a ware awa ɗaya ranar Asabar a koya wa yara karatu da rubutun Hausa, a kuma kawo dattawa irin Baba Alhaji su ba su tarihin zaman Hausawa a garin nan? Labarin 1863 da ya kawo ɗazu, na tabbata yawancin ɗalibaina ba su taɓa ji ba. Ni zan ɗauki na Agege in an ba ni aji.

Alhaji Garba Mai Goro:
Zan zo, kuma zan yi wa liman magana a kan aji. Amma ina nan a kan bakana, ko da hutun ƙarshen shekara ne a riƙa kai su gida.

Anti Rifkatu (Ojo):
In a cikin Islamiyya za a yi, yaranmu fa? Su ma suna buƙatarsa.

Ummi:
Ni ma ina da roƙo. Kada a ce 'yan mata su zauna a baya su yi shiru, a bar su su yi tambaya. A kuma kawo mata masu aiki su yi magana, irin su Anti Rifkatu, ba maza kaɗai ba.

Hajiya Binta (Alaba Rago):
In za a raba maza da mata zan kawo jikokina. In ba za a raba ba, iyaye da yawa ba za su bari ba, na san mutanenmu.

Shugaban Zaure:
To ga yadda za a yi. Malam Nura da Barista su nemo ɗakin taro wanda ba na masallaci ko coci ba, don kowa ya iya zuwa. Zama biyu, maza da safe, mata bayan azahar, Ummi da Anti Rifkatu su riƙe na matan. Sale, muna so ka yi wa samarin magana a kan sana'a, kada ka ce ba ka iya ba. Mai son kawo yaro ya rubuta mini shekarunsa da unguwarsa kafin Alhamis, don mu san kujeru nawa za a haya.